Bauri, Kitse da Zarton Elio Altare

A shekarar 1983, a ƙauyen La Morra da ke kan tuddan Langhe a arewa maso yammacin Italiya, wani manomin inabi mai shekara talatin da 'yan kai, Elio Altare, ya ɗauki zarto mai inji ya sauka ɗakin ƙasa inda gidansu ke ajiyar giya, ya yanyanka manyan gangunan katakon da mahaifinsa ya daɗe yana aiki da su. Mahaifin, Giovanni, bai yafe masa ba. Ya rasu a 1985 bayan ya cire sunan ɗan daga cikin magada, sai da Elio ya yi shekaru yana sayen gonakin gidansu daga hannun 'yan'uwansa, kaɗan-kaɗan.

Wanda ya ji labarin daga nesa zai ɗauka rigimar gado ce irin wadda kowace ƙasa ta sani, kuma lallai akwai wannan a ciki. Amma saɓanin ya faro ne daga wata tambaya da ta shafi baki da harshe. Jar giyar inabin nan da ake kira Barolo, ana yin ta ne don ta jira shekaru sannan ta zauna kusa da nama a kan tebur, ko kuwa don ta gamsar da mai ɗanɗano tun daga kurɓin farko, ita kaɗai a cikin kofi?

Mafi yawan masu karanta wannan shafi Musulmi ne, hukuncin giya kuwa a wurinsu a bayyane yake, ba shi ake tattaunawa a nan ba. Sai dai duk wanda aiki ya taɓa kai shi liyafa a Roma ko Milan ya ga yadda masu masauki ke ɗaukar lokaci suna shawara kan kwalbar da za ta raka naman da za a kawo, da irin natsuwar da ake yi wa maganar aure. Baƙon zai nemi ruwa, a ba shi cikin mutunci, amma ya tashi bai san abin da suke nema ba. Amsar ta haɗa ilmin sinadarai da tarihin talauci, kuma wani ɓangarenta Bahaushe ya riga ya san shi daga goro da shayi da bagaruwa.

Idan Italiyawa suka ce giya tana da nauyi, suna nufin yadda take cika baki, kamar bambancin da ke tsakanin kurɓin ruwa da kurɓin kindirmo. Abubuwa uku ne ke tsayar da irin wannan giya: ƙarfin barasar da ke ciki, wanda yakan kai kashi 14 cikin ɗari ko ya wuce, da tsami, da bauri. Barolo ta haɗa duka ukun. Da inabi iri ɗaya kawai ake yin ta, mai suna Nebbiolo, wanda ake danganta sunansa da kalmar Italiyanci ta hazo, domin ba ya nuna sai cikin Oktoba, lokacin da hazon kaka ke kwanciya a kwarurukan yankin. Doka ta taƙaita noman inabin Barolo ga ƙananan hukumomi 11 a lardin Cuneo na yankin Piemonte, ta kuma hana a sayar da giyar kafin ta yi wata 38 a ajiye, 18 daga ciki a gangar katako. Wadda za a rubuta wa Riserva sai ta yi wata 62. Launinta bai da duhu sosai, har yakan ruɗi wanda bai sani ba, amma kurɓi ɗaya na sabuwar Barolo yakan bar dasashi a bushe kamar an goge shi da tsumma.

Wannan bushewa ita ce bauri, sinadarin da ke haddasa ta kuwa sunansa tanin. Yana cikin ɓawon inabi da ƙwayoyinsa, wani kuma yana shiga daga katakon ganga. Sunan ya samo asali ne daga sana'ar jima, domin dangin wannan sinadari ne ke cikin 'ya'yan bagaruwa da majeman Kano da Sakkwato ke dakawa su jiƙa fata a ciki. Tanin yana kama furotin ya ɗaure shi. A wurin majemi, wannan ɗauri ne ke hana fatar akuya ruɓewa, ya mai da ita abin da za a yi takalmi da shi. A cikin baki kuwa, furotin ɗin da yake samu shi ne na yawu, wanda aikinsa shi ne sa santsi tsakanin harshe da ganɗa da kumatu. Da tanin ya kama shi sai ya dunƙule, santsin ya gushe, naman baki ya fara gogar juna. Shi ya sa masana ke lissafa bauri a cikin abin da ake ji ta hanyar taɓawa, ba a jerin zaƙi da ɗaci da tsami ba. Wanda ya taɓa gatsar ɗanyar kanya ko ya sha shayin da ya daɗe a kan wuta ya san abin da ake nufi.

Daga nan ne dukan hikimar haɗin ta taso. Idan aka sa nama mai kitse a baki kafin kurɓi, tanin zai tarar da wani furotin da wani maiƙo da zai kama, yawu ya sami sauƙi, giyar da ta yi kaushi ita kaɗai sai ta yi laushi. Ita ma tana yi wa naman aiki, domin baurin da tsamin suna share maiƙon da ya lulluɓe harshe, loma ta gaba ta zo da daɗinta kamar ta farko. A 2012 masu bincike ƙarƙashin Paul Breslin a Amurka suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar Current Biology. Sun ba mutane busasshen nama mai kitse, wasu suna kurɓar ruwa tsakanin loma da loma, wasu suna kurɓar shayi. Masu shayi sun fi jin maiƙon ya ragu a bakinsu, kuma baurin abin sha mai rauni yana taruwa ne kurɓi bayan kurɓi. Abin lura shi ne da shayi aka yi gwajin. Mai sayar da balangu da ya kafa teburinsa kusa da na mai shayi ya daɗe da cin gajiyar wannan sakamako ba tare da ya karanta mujallar ba.

Abincin Piemonte kamar an gina shi ne a kan wannan ƙa'ida, ko da yake waɗanda suka gina shi ba su san sunan tanin ba. Mafi shahara shi ne brasato al Barolo. Ana samun guntun naman sa daga kafaɗa ko wani wuri mai jijiya, a jiƙa shi kwana guda a cikin giyar tare da albasa da karas da seleri da kanumfari da ganyen ƙamshi, washegari a soya bayansa, a mai da shi cikin ruwan jiƙon, a bar shi kan wuta marar ƙarfi na awa uku ko fiye. Jijiyar takan narke ta sa romon ya yi danƙo, irin danƙon da farfesun ƙafar saniya ke bari a leɓe, kuma wannan danƙo shi ne abin da bauri ya fi so. A garin Carrù, tun 1910 ake bikin baje kolin gemammun shanu a watan Disamba, inda ake cin bollito misto, wato dafaffen nama daga sassa daban-daban na sa, har da harshe da wutsiya da kai. Akwai tajarin, siririyar taliya da wasu masu girki ke zuba wa gwaiduwar ƙwai talatin ko fiye a kilo ɗaya na fulawa, a juya ta da man shanu, a kankare mata farin tartufo na Alba, wani dangin naman kaza da ke girma a ƙarƙashin ƙasa wanda karnuka ke shinshinowa. Akwai kuma cukun Castelmagno, wanda daɗewa ke ƙara wa gishiri da ƙarfi. Kowanne daga cikinsu yana da kitse ko danƙo ko gishiri, gishiri kuwa yana rage jin ɗaci.

Sauran yankunan ƙasar kowanne da irin kiwon da ya karɓe shi. A Toskana, inabin Sangiovese ne ke ba da Brunello di Montalcino, wadda ba a fitar da ita kasuwa sai a Janairun shekara ta biyar bayan girbi. Abokin tafiyarta shi ne bistecca alla fiorentina, yankan naman sa mai kaurin yatsa uku ko huɗu da ƙashinsa, wanda ake gasawa a garwashi a bar cikinsa ja, a barbaɗa masa gishiri kawai. Sangiovese yana da tsami mai kaifi, don haka yake jure miyar tumatir, wadda tsaminta kan sa giya marar tsami ta zama lami. A Valpolicella, kusa da Verona, ana shanya inabin Corvina da 'yan'uwansa a ɗakuna masu iska na wata uku zuwa huɗu, har su rasa kusan sulusin nauyinsu ko fiye, kafin a matse su. Abin da ke fitowa shi ne Amarone, mai ƙarfin da kan kai kashi 15 ko 16 cikin ɗari, wadda mutanen Verona ke ci da naman doki da aka daɗe ana dafawa ko da tsohon cuku. A kudu, a Campania, akwai Taurasi daga inabin Aglianico, a Umbria kuma akwai Sagrantino na Montefalco, ɗaya daga cikin mafiya bauri a duniya, dukansu kuma an san su da gasasshen naman rago da ɗan akuya.

Sanin abin da ke ɓata haɗin yana ƙara haskaka ƙa'idar. Barkono mai zafi ne na farko. Barasa tana ƙara wa jijiyoyin bakin da ke jin zafin barkono saurin amsawa, saboda haka giya mai kashi 15 cikin ɗari takan ninka wutar yaji, baurin ma ya ƙara kaushi. Tsire da ya sha yaji ba shi da gurbi a wannan tsari, ko da yake masoro kaɗan yana shiga, kamar yadda ake gani a peposo, dahuwar ƙwaurin sa da baƙin barkono ta garin Impruneta. Na biyu shi ne zaƙi: bayan loma mai sukari, giya marar zaƙi takan koma tsami da ɗaci zalla. Na uku kifi ne, domin sinadarin ƙarfe da ke cikin wasu jajayen giya yana haɗuwa da man kifi ya bar ƙarni a baki. Na huɗu abinci marar nauyi, kamar ganye ko farin naman kaza da aka dafa ba mai, wanda giyar ke danne shi har a rasa ɗanɗanonsa. Zafin kwalbar ma yana da tasiri. Tsakanin digiri 16 da 18 ake so, domin sanyi yana tsananta bauri, ɗumi kuma yana fito da warin barasa.

Da wannan a zuciya za a fi fahimtar abin da Elio Altare ya sare. Barolo irin ta iyayensa ana barin ruwan inabin ya tsimu da ɓawonsa na makonni, wani lokaci fiye da wata, sannan a zuba shi a manyan ganguna masu ɗaukar dubban litoci, waɗanda wasu sun girmi masu su. Abin da ke fitowa yakan yi shekara goma ko fiye kafin baurinsa ya kwanta. Giya ce ta mai haƙuri da mai tukunyar nama. Matsalar ita ce haƙuri ba ya biyan bashi. Langhe yanki ne da ya sha talauci, wanda marubuci Beppe Fenoglio ya zana a littafinsa La malora na 1954, kuma bayan yaƙin duniya na biyu samari da yawa sun bar gona sun tafi masana'antar Fiat a Turin ko ta Ferrero a Alba. Manoma da dama suna sayar da inabinsu ne ga dillalai a farashin da dillalan suka ga dama. A 1976 Altare ya tuƙa mota zuwa Burgundi a Faransa, yana kwana a cikinta don ba shi da kuɗin masauki, ya ga manoma masu ƙananan gonaki irin nasa suna rayuwa cikin wadata. Ya dawo da niyyar kwaikwayonsu.

Shi da wasu tsararrakinsa suka rage kwanakin tsimi zuwa 'yan kwanaki, suka kawo ƙananan gangunan Faransa masu lita 225 da ke sa wa giya laushi da ƙamshin katako, suka tsaftace ɗakunan ajiya. Abin da ya fi ƙona ran dattawa shi ne yadda suke yanke wasu nonnan inabi tun suna ɗanye su zubar, don sauran su yi ƙarfi. Ga mutumin da ya san yunwa, zubar da amfanin gona hauka ne, kusan saɓo. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, amma a wannan karon kowannensu ya hango abin da ɗayan bai gani ba. Uban ya ga al'adar da ke riƙe da tebur da gona wuri ɗaya. Ɗan ya ga cewa idan ba a sami mai saye ba, babu wanda zai rage a ƙauyen da zai riƙe al'adar.

Lokaci ya fara ba samarin gaskiya ta hanya mai muni. A watan Maris na 1986 aka gano cewa an gauraya giya mai arha da metanol, wata barasa mai guba, a wani kamfani da ke Narzole, tafiyar 'yan mintoci daga Barolo. Aƙalla mutum 19 suka mutu, wasu suka makance, kasuwar giyar Italiya a waje ta faɗi. Ƙasar ta gane cewa yawa ba tare da inganci ba ya kai ta bango. A daidai lokacin kuma masu sharhi na Amurka, musamman Robert Parker da ma'auninsa na maki 100, suka zama masu yanke farashi. Su kuwa suna ɗanɗana kwalabe da dama a jere, ba nama ba cuku, kuma a irin wannan zama giya mai laushi da ƙamshin katako ita ke yin fice. Sabuwar Barolo ta sami maki, farashi ya tashi, ƙasar da ake gudu ta zama ɗaya daga cikin gonaki mafiya tsada a Italiya. A 2014 UNESCO ta sa tuddan Langhe da Roero da Monferrato a jerin wuraren tarihi na duniya.

Ba kowa ya bi ba. Bartolo Mascarello, wanda ya rasu a 2005, ya ci gaba da tsohuwar hanya, har ya zana wa kwalbarsa takarda da hannunsa yana ƙin ƙaramar gangar Faransa da Firayim Minista Berlusconi a layi ɗaya. Hujjar masu ra'ayinsa ita ce giyar da aka tsara don ta ci jarrabawa ita kaɗai takan rasa abin da ke sa ta amfani a tebur. Idan an goge baurin, babu abin da zai share maiƙon brasato, idan kuma ƙamshin katako ya yi yawa, zai danne ƙamshin tartufo. A garin Bra, kusa da nan, Carlo Petrini ya kafa a 1986 ƙungiyar da ta zama Slow Food, wadda aka sa hannu kan takardar manufofinta a Paris a 1989, kuma jigon maganarta shi ne abinci da abin sha da ƙasar da ta fitar da su ba sa rabuwa ba tare da asara ba.

A yau rigimar ta lafa. Da yawa daga cikin masu sabon salo sun rage sabon katako, wasu sun koma manyan ganguna, masu tsohon salo kuma sun ɗauki tsafta da kula da gona daga abokan hamayyarsu. Gidan Altare yana hannun 'yarsa Silvia. Sai dai teburin da aka yi faɗan dominsa yana sauyawa. A shekarun 1960 Ba'italiye yana shan fiye da lita 100 na giyar inabi a shekara idan aka raba bisa yawan jama'a, yanzu bai kai rabin haka ba. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da haɗari ga lafiya, kuma tun 1988 hukumarta mai binciken ciwon daji ta sa barasa a sahun farko na abubuwan da ke haddasa shi. Ɗumamar yanayi tana sa inabi nuna da wuri da sukari mai yawa, abin da ke ƙara ƙarfin barasa ya kuma rage tsamin da haɗin ya dogara da shi. Matan da ke da awa uku na tsayawa kan tukunyar brasato ran Lahadi ma sun ragu.

Ga wanda ba ya sha, abin da ya rage na amfani shi ne ƙa'idar kanta, wadda ba ta buƙatar barasa. Maiƙo yana neman abin da zai share shi, bauri kuma yana neman abin da zai kama. Buzun Agadez da ke kai ƙaramin kofin shayi mai ƙarfi bayan an ci naman rago yana aiki da ita, haka dattijon da ke ɓare goro bayan tuwo da miyar da ta sha man shanu, haka uwargidan da ke ajiye zoɓo marar sukari sosai kusa da soyayyen naman Sallah. Kuskuren da ke ɓata haɗin a Alba shi ne ke ɓata shi a Kano: idan sukari ya yi yawa a shayin ko a zoɓon, maiƙon zai zauna a harshe, loma ta biyar ta gundure mai ci. Wanda ke son gwadawa ya dafa baƙin shayi ya bar shi minti biyar ba madara ba sukari, ya kurɓa shi kaɗai ya ji yadda dasashinsa zai bushe, sannan ya ci yanka ɗaya na balangu mai kitse ya sake kurɓa.